Layin da ruwa ke kwana: yadda wata unguwa a Sakkwato ta shawo kan ambaliyarta, 2019 zuwa 2024

Wurin da ake magana a kai

Unguwar tana gefen birnin Sakkwato, cikin sababbin wuraren da gari ya ci bayan ya yi nisa da tsoffin ƙofofinsa. Ba zan faɗi sunanta ba, domin akwai rigimar fili a cikin labarin, an kuma yi sulhu, bai kamata a tayar da abin da ya kwanta ba. Abin da ke cikin wannan nazari ya fito ne daga littafin kwamitin unguwar, inda sakatare ke rubuta taro da kuɗin da ya shiga ko ya fita, da kuma bakin waɗanda abin ya shafa.

Matsalar ta layi ɗaya ce da lungunan da ke faɗawa cikinsa. Tsawonsa kamar mita 400, gidaje arba'in da 'yan kai, masallaci, Islamiyya da 'yan shaguna. Ta gabas ya haɗu da titin kwalta mai babbar kwata ta kankare. Ta yamma akwai wata unguwa, bayanta kuma sai fadama.

Ruwan shekara a Sakkwato bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, amma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawa a Agusta, sau da yawa kuma cikin sa'a ɗaya ko biyu. Ambaliyar garin iri biyu ce. Akwai ta gulbi, irin ta Satumban 2010, lokacin da Rima ya tumbatsa daga wajen madatsar Goronyo, ya share ƙauyuka, ya kuma karya gadar da ke kai mutum mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Akwai kuma ta cikin gari, wadda gulbi bai san da ita ba: ruwan sama ne kawai ya sauka a kan kwano da siminti ya rasa inda zai bi. Ta wannan layi irin ta biyu ce.

Kafin 2019: kududdufin da aka cike

Tsofaffin wurin sun ce asalinsa gona ce, a tsakiyarta akwai kududdufi wanda masu yin tubali suka yi shekaru suna haƙa don ɗibar ƙasar gini. Da damina yakan cika, dabbobi su sha, ya yi ta janyewa har kaka. In ya yi yawa sai ya malala ta wata 'yar hanya a gefen yamma, ya nufi fadama.

Da mai gonar ya rasu, magada suka raba, dillalai suka shigo. Awon igiya aka yi, ba na gwamnati ba: fuloti ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, a jere, da layi a tsakani daidai wucewar mota ɗaya. Ba a bar wa ruwa ko taku ɗaya ba. Kududdufin ya fara zama juji, daga baya tifofi suka riƙa juye ɓaraguzan gini a ciki, aka yanka shi fulotai aka sayar da araha. Zuwa 2018 an gine kusan kashi uku cikin huɗu na ramin. 'Yar hanyar yamma kuwa ta faɗa cikin fulotai uku, biyu an zagaye su da katanga, ɗaya an gina gida.

Ga lissafin da ba a yi ba a lokacin. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai murabba'in mita 465. In aka yi ruwa mai milimita 50, wanda ba baƙo ba ne a Agusta, lita 23,000 da ɗoriya ke sauka a wannan fuloti kaɗai, wato jarka mai lita 25 fiye da 900. Sa'ad da wurin yake gona, ƙasa na shanye kaso mai yawa. Da aka rufe shi da kwano, aka daɓe tsakar gida da siminti, kusan duka sai ya bi indararo da rariya ya fito layi.

2019 zuwa farkon 2021: kowa ya ɗaga ƙofarsa

A daminar 2019 aka fara ganin ruwa yana kwana a tsakiyar layin. Ya kai idon sawu, ya janye bayan kwana biyu, aka ce ai shekara ce ta zo da haka. A 2020, shekarar da ruwa ya yi mummunar ɓarna a gonakin shinkafa na Kebbi, abin ya wuce wasa. Cikin Agusta ruwa ya kai gwiwa, ya shiga gidaje goma sha ɗaya, ya cika masai har ƙazanta ta taso ta bi tsakar gida. Katangar ƙasa ta faɗi a gida biyu. Ba a rasa rai ba. 'Yan kabu-kabu suka daina shiga layin, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗin jarka saboda sai sun zagaya.

Da rani ya shigo, mai hali ya kira birkila ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu ko uku, ya yi dandamali a ƙofar gida. Marar hali ya tanadi buhunan yashi. A farkon 2021 mai unguwa ya tara magidanta aka kafa kwamiti na mutum bakwai, aka sa wa kowane gida naira 2,000 a wata. Kuɗin farko ya tafi wajen sayen tifofin burji, aka zuba a tsakiyar layin aka baje, ya tashi kamar kamu ɗaya.

Ruwan farko mai ƙarfi a Yulin 2021 ya nuna sakamakon. Layin ya ɗan bushe da wuri, amma ruwan da ya saba tsayawa a kansa ya gangara cikin gidajen da yanzu suka koma ƙasa da layi, kuma su ne gidajen da ba su iya ɗaga ƙofa ba. Gida mafi kwari na wata dattijuwa ce mai riƙe da jikoki marayu. Ta zo ƙofar mai unguwa da tabarmarta a jiƙe a hannu, ta tsuguna ta ce: “Ranka ya daɗe, su da sunka ɗaga ƙofofinsu, ina suka son ruwan shi tahi? To ɗakina yaz zo.” Sakataren kwamitin ya ce babu wanda ya iya ba ta amsa a wurin.

Daminar 2021: injin ban ruwa

Kwamitin ya yi hayar injin ban ruwa mai bakin inci uku daga wani mai lambu a fadama, ana zuƙo ruwan ana turawa da tiyo zuwa babbar kwata ta bakin titi. Irin wannan inji, a kan takarda, yana jan kusan lita 1,000 a minti. Daga baya aka ƙiyasta cewa wurin da ke zubo wa layin ruwa ya kai hekta goma. Ruwa mai milimita 50 a kan hekta goma lita miliyan biyar ne. Ko da rabinsa kaɗai ya gangaro, inji ɗaya zai yi fiye da sa'a arba'in yana aiki ba tsayawa kafin ya kwashe, a watan da ruwa ke sauka yau, ya sake sauka jibi. Leda da robar fiya wata kuma na toshe bakin tiyo, sai an kashe an cire.

Shekarar ce amai da gudawa ta yaɗu a jihohi da yawa, Sakkwato na ciki. Rijiyoyin cikin gida biyar a layin sun gurɓace da ruwan masai, aka daina sha, Islamiyya ta yi makonni a rufe. Kuɗin mai ya cinye abin da ke asusu, aka mayar wa mai lambu injinsa kafin ƙarshen Agusta.

Ƙarshen 2021: takardar Abuja

A nan ne hankalin kwamitin ya koma Abuja. Wani tsohon ma'aikaci a cikinsu ya ce aikin ya fi ƙarfin unguwa, sai gwamnatin tarayya, ya kuma rubuta takarda zuwa ga Ma'aikatar Muhalli, Gidaje da Raya Birane ta Tarayya. Gidaje talatin da takwas suka sa hannu, aka haɗa da hotuna. Wani mutum da ya ce ya san manya a can ya karɓi takardar da kuɗin mota. Bai kawo kwafi mai hatimin karɓa ba, kuma har yau babu shaidar cewa takardar ta shiga wani ofishi.

Ko da ta shiga, sunan da aka rubuta a kanta ya daɗe da tsufa. Tarihin kula da muhalli a matakin tarayya ya faro ne da abin da ya faru a 1988, lokacin da aka gano guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko ta jihar Bendel ta wancan lokaci, Delta a yau, ba Koko ta Kebbi ba. A shekarar aka kafa FEPA, hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1999 aka mayar da ita cikakkiyar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. A 2007 aka haɗa muhalli da gidaje da raya birane a ma'aikata ɗaya, wato sunan da dattijon ya riƙe a kansa, amma haɗin bai daɗe ba aka raba. A 2021 harkar gidaje tana tare da ma'aikatar ayyuka ne, sai a Agustan 2023 aka sake ware Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ita kaɗai.

Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne iko. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya tana tsara manufofin ƙasa, tana duba tasirin manyan ayyuka a kan muhalli bisa dokar 1992, tana da sashen zaizayar ƙasa da ambaliya, tana kuma fitar da gargaɗin ambaliya da damina. Ita ke jagorantar shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace a yankunan da ke fama da fari, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma ta ofisoshin jihohi ake gudanar da shi. Amma yanka fuloti da ba da izinin gini a cikin Sakkwato ba nata ba ne. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar birni a hannun gwamnan jiha. An yi dokar tsara birane ta ƙasa a 1992, sai dai a 2003, a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne, ban da Abuja. Tsarin mulkin 1999 kuma ya lissafa gyaran layuka da magudanan ruwa da kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ke nan ofisoshin da ke da ta cewa a kan wannan layi duk suna cikin gari, kuɗin kabu-kabu kawai ke tsakani.

Kwamitin bai san haka ba. An yi watanni ana jiran amsa, a cikin su kuma mutane da yawa suka daina biyan kuɗin wata, tunda gwamnati na zuwa.

2022: kwatar da ta jawo ruwa

Da jira ya ishe su, sai aka yanke shawarar gina kwata daga tsakiyar layin zuwa babbar kwata ta bakin titi, tsawon mita 180. Wani mai neman takara ya ba da buhunan siminti, 'yan unguwa mazauna wasu garuruwa suka turo kuɗi, matasa suka yi aikin gayya wajen haƙa. An gama a watan Yuni. Shi ne aiki mafi tsada da kwamitin ya yi zuwa lokacin, kuma da ido aka auna shi.

A ƙananan ruwa, kwatar ta riƙa cika ta tsaya cik, ba ta tafiya ko'ina. A babban ruwa na farko a Agusta, babbar kwata ta bakin titi ta cika da ruwan unguwannin sama, ya sami sabuwar ƙofa, ya kwararo cikin layin. Yara ne suka fara lura: sun jefa kara a ruwan suka ga ya nufo gida maimakon titi. Cikin dare aka toshe bakin kwatar da buhunan yashi. Gidaje goma sha tara ruwa ya shiga a wannan karon. Iyalai uku 'yan haya suka tashi, mutum biyu suka fita daga kwamitin, aka yi ta zargin juna da cin kuɗi, duk da cewa littafin sakatare ya nuna inda kowace naira ta tafi.

Farkon 2023: aka auna ƙasa

Wani saurayi ɗan layin da ya karanta aikin safiyo ya daɗe yana cewa a auna kafin a haƙa, ba a saurare shi ba saboda yaro ne a cikin iyayensa. Bayan abin da ya faru, limamin masallaci ya nemi a ba shi dama.

Ba shi da na'urar safiyo. Ya fara da abin da ambaliyar ta bari: wani ja-jan layi a jikin bangon kowane gida, iyakar inda ruwa ya tsaya. Ruwan da ya kwanta samansa daidai yake ko'ina, don haka in ka auna daga wannan layi zuwa ƙasa a gida bayan gida, za ka san inda ya fi zurfi. Sannan ya haɗa kai da wani tsohon birkila, suka ɗauko siririn tiyo mai haske wanda magina ke daidaita gini da shi, tsawon mita ashirin, suka cika shi da ruwa suka fitar da kumfar iska. Ɗaya ya riƙe baki ɗaya a jikin bango, ɗayan ya tafi gaba da ɗaya bakin, su jira ruwan ya daina rawa, kowa ya ja alama da gawayi daidai inda ya tsaya, sannan a auna daga alamar zuwa ƙasa da tef, a rubuta. Haka suka bi layin daga titi har bayan katangun yamma, da sassafe kafin rana ta yi zafi, suka kuma sake bi daga baya zuwa gaba don tabbatarwa.

Sakamakon ya shiga takarda ɗaya. Gindin babbar kwata ta bakin titi ya fi tsakiyar layin tudu da kusan santimita 70. Duk kwatar da aka gina zuwa can, ruwa zai biyo ta ne ya shigo. Wuri mafi kwari shi ne ragowar kududdufin, fulotai biyu da ba a gina ba, kusa da gidan dattijuwar. Daga nan ƙasa na ci gaba da gangarawa yamma, ta sauka da fiye da mita ɗaya cikin tazarar mita 150, daidai kan tsohuwar hanyar da katangu suka tare. Tsofaffi da suka ga zanen suka ce ai nan ne ruwa ke bi tun suna kiwo a wurin.

Sauran 2023: sulhu da izini

Wannan ne mataki mafi wuya, ya kuma ci shekara. Ƙarancin takardun naira a farkon shekarar, zaɓe, da tashin kuɗin mai bayan 29 ga Mayu duk sun rage abin da ke shiga asusu. Daminar 2023 an yi ta ne da buhunan yashi, aka kwashe dattijuwar da jikokinta zuwa wani ɗaki a gidan mai unguwa har ruwa ya ɗauke.

Kwamitin ya ɗauki takardar awon ya kai ofishin tsara birane na jiha da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, wannan karon da kwafi biyu, aka buga hatimi a ɗaya aka dawo da ita. Jami'in da ya zo duba wurin ya tabbatar da awon, ya kuma faɗi abu biyu da suka canza shirin. Na farko, ba za a amince a saki ruwan hekta goma gaba ɗaya a kan unguwar yamma ba. Na biyu, tunda filayen awon igiya ne kuma mutane sun saya da kuɗinsu, sulhu zai fi sauri da sauƙi a kan bin hanyar rusau.

Ana bukatar tsiri mai faɗin mita biyu a gefen fulotai ukun da suka tare tsohuwar hanyar don a bi da kwata, da kuma fulotai biyun nan na ramin don tara ruwa. Mai fuloti na farko ya yarda nan take, da sharaɗin a sake gina masa katangarsa. Na biyu ya nemi kuɗi, aka daidaita. Mai gidan da aka gina shi ne ya tsaya kai da fata, yana cewa fili ya saya da guminsa, babu wanda ya ce masa hanyar ruwa ce, in akwai mai laifi a nemi dillali. Gaskiya ya faɗa, kuma an yi zama huɗu kafin kwamitin ya yarda da hakan. Da aka daina yi masa kallon mai taurin kai, maganar ta sauya. Liman ya kawo hadisin nan da ke cewa babu cuta babu cutarwa, ya kuma ce hadisin ya hau kan kowa: bai halatta katangarsa ta tare wa maƙwabta ruwa ba, bai kuma halatta a ɗauki filinsa a bar shi da asara ba. A gaban uban ƙasa aka rubuta yarjejeniya. Zai ba da tsirin, za a rushe ɗan ɗakin ajiya da ke wurin a gina masa wani a ɗaya gefen, za a kuma rufe saman kwatar da kankare a iyakar gidansa don kada wari ya dame shi.

Fulotai biyun ramin na wani ɗan kasuwa ne mazaunin wani gari, wanda ya riga ya gane cewa gini a kan juji ba zai yi ƙarko ba. Ya sayar da ɗaya a farashin da ya saya, ya bayar da ɗayan waƙafi don iyayensa.

Saura mutanen yamma, waɗanda suka ce ba za su karɓi abin da wasu ke gudu ba. Abin da ya gamsar da su shi ne tsarin ramin: ruwa zai fara taruwa a ciki, ya riƙa fita ta bututu ƙarami a hankali, bayan nasu ruwan ya wuce. An sa mutum biyu daga cikinsu a kwamitin sa ido.

Janairu zuwa Mayun 2024: aikin

An kwashe sharar ramin da motar haƙa ta haya, aka zurfafa shi zuwa mita ɗaya da rabi, aka kwantar da gefunansa, aka zagaye shi da katanga da ƙofa mai kwaɗo saboda yara. An sa bututun fita kusa da gindinsa domin ya tsiyaye cikin kwana biyu ko uku. Dalilin wannan sauro ne: daga ƙwai zuwa mai tashi yana ɗaukar mako guda ko fiye, ruwan da bai yi mako ba kuwa ba ya ba shi dama. A sama an bar mafita mai faɗi don ranar da ruwa ya fi ƙarfin ramin. A bakin shiga aka kafa ragar rodi mai tare leda.

Kwatar 2022 ba a yi asararta duka ba. An toshe bakinta na titi da kankare, aka sake zuba gindinta ya karkata zuwa ramin. Burjin da aka zuba a 2021 an kankare shi daga ƙofar gidajen kwari.

A Fabrairu kuɗin siminti ya yi tashin da ya kusa tsayar da aikin. Sai aka taƙaita kankare ga wuraren da ke jikin gidaje, sauran tsirin aka jera masa dutse. Azumi ya kama a Maris cikin tsananin zafi, leburori suka koma aiki daga bayan asuba zuwa hantsi. Ƙaramar hukuma ce ta sa kwalbati a inda kwatar ta ratsa hanyar unguwar yamma.

Daminar 2024

Shekara ce mai ruwa a Arewa, ita ce ta ambaliyar Maiduguri a watan Satumba. A layin, ramin ya cika har ya zuba ta mafitar sama sau biyu. A babban ruwan Agusta ruwa ya tsaya a tsakiyar layi zuwa ƙauri, ya janye cikin sa'a uku. Gida biyu ya shiga, duka biyun a daren da leda ta toshe ragar rodi ba a sami mai cirewa ba. Bayan wannan aka ɗauki matasa biyu ana ba su ɗan alawus, aikinsu su duba ragar da zarar hadari ya haɗu. Babu katangar da ta faɗi, Islamiyya ba ta rufe ba, unguwar yamma ba ta kawo ƙara ba. Dattijuwar ta yi daminar a ɗakinta.

Abin da ya ci tura, abin da ya yi aiki, da dalili

Ɗaga ƙofa, zuba burji, inji da kwatar farko duk cuta ɗaya ta kashe su: an yi su ba tare da sanin inda ƙasa ta karkata ba, ba a kuma lissafa yawan ruwan ba. Biyun farko sun fi muni a ganina, domin sun ɗauke ruwa daga ƙofar mai hali sun kai ɗakin marar hali, kuma burjin da kuɗin kowa aka saye shi, har da na wadda ruwan ya ci. Awon da ya warware matsalar bai ci ko kuɗin tifa ɗaya ba, kuma mai iya yin sa yana cikin layin tun ranar farko. Ƙuruciyarsa ce ta hana a ji shi, wannan kuwa ya jawo wa unguwar asarar damina biyu.

Takardar Abuja ba ta ci kuɗi da yawa ba, amma ta ci lokaci, ta kuma kashe wa mutane gwiwar biyan kuɗin wata. Ba na ganin laifin dattawan da suka rubuta ta. Ma'aikatar da sunanta ya sauya sau da dama cikin shekara ashirin, ba abin mamaki ba ne talaka ya rikice a kan wa ke da alhakin me. Inda ma'aikatun tarayya za su fi amfanar irin wannan layi shi ne su haɗa kai da jihohi a bayyana wa masu unguwanni, da Hausa, a rediyo, wace ƙofa ake bugawa don wace matsala, sannan kuɗin asusun kula da muhalli da ke zuwa jihohi da ƙananan hukumomi ya riƙa kaiwa ga ƙananan magudanai irin wannan.

Sulhun ya yiwu ne saboda an yarda cewa mai gidan da ya tare hanya shi ma an cuce shi, an kuma biya shi. Mutanen yamma sun yarda saboda ramin ya rage wa ruwan gudu kafin ya iso gare su.

Aikin bai kammala ba. Ramin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsohon kududdufin ba, ruwan da ya fi na 2024 zai fi ƙarfinsa. Yashi na taruwa a gindinsa, dole a yashe shi kowane rani, kuma asusun kwamitin bai da tanadin wannan. Fulotin waƙafi da tsirin mita biyu har yanzu takardar uban ƙasa kaɗai ke kare su, kwamitin na bin a shigar da su taswirar hukuma a matsayin hanyar ruwa don kada magada su sayar nan gaba. A gonakin da ke sama da layin kuma dillalai sun fara yanka sababbin fulotai, kuma duk ruwan da zai sauka a kan kwanonsu wannan ramin zai nufo.